Littattafan da Gummi Ta Dawo Mini da Su

Tun da na dawo daga Gummi ban huta ba a ɗakin malamai. Wannan ta ce yaya hanya, waccan ta ce wai da gaske ne mata da maza ba sa haɗa kujera a mota, Malama Rabi kuwa, da ta fi kowa naci, har gida ta biyo ni wai ta zo karɓar tsarabar kifi, alhali labari ta zo ci. To, ga shi na rubuta muku gaba ɗaya. Kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, ku bar ni in duba takardun jarrabawar yara cikin kwanciyar hankali.

Sai na fara da abin da yawancinku ba ku sani ba. Kun san yarana uku da ke gabana. To, akwai ta fari. Marigayi maigidana mutumin Gummi ne, aiki ya kawo shi Kano, kuma da aka yaye yarinyar sai mahaifiyarsa, Inna Yalwa, ta zo ta goya ta ta tafi da ita. Ba wanda ya yi mini laifi, ni ma kakata ce ta riƙe ni. Gidanmu kuma gidan kunya ne na gaske: 'yar fari ba a faɗin sunanta, ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a ko tambayar lafiyarta. Bana shekarunta goma sha uku, sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. In ta kama dole, sai in ce 'yar Inna. Sau ɗaya aka taɓa kawo ta Kano tana ƙarama. Na zaɓi tsokar da ta fi kowace girma na sa a kwanonta, na ba ƙanwarta ta kai mata, ni kuwa na juya baya ina ta wanke tukunyar da na riga na wanke. Adda take ce mini, kamar wata yayarta.

Wata Sallah maigidan ya je gida ya dawo yana dariya, ya ce yarinyar ta iya karatu, amma babu abin karantawa, har rubutun jikin gwangwanin madara take bi tana maimaitawa. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ni da nake koya wa 'ya'yan wasu karatu, tawa tana can tana karanta gwangwani! Washegari daga makaranta kasuwa na wuce. Ku da kuka taɓa neman littafin yara kun san wahalar. Tebur cike da na soyayya, na yara kuwa sai mai kanti ya durƙusa ya laluba can ƙasa, ya fito da guda biyu da gara ta fara taɓawa. Haka na dinga tsintowa, yau labarin jakin da ya bi yara makaranta, gobe na yarinyar da ta bi kogi neman akuyarta, wani na taurari, wani na yadda jirgin ƙasa yake tafiya. Kowanne sai na karanta shi tas kafin ya bar hannuna.

Akwai kuma abin da nake yi musu. Ƙarafan da ake maƙale littattafan nan da su, damina ɗaya suke yi su yi tsatsa, shafuka su zube. Sai in ɓanɓare su, in huda gindin littafin wuri uku, in ɗinke da jan zare mai kauri, in ƙulle a shafin tsakiya in bar ɗan jela, sannan in yi masa riga da takardar buhun siminti. In sun taru sai in ƙunshe in kai wa Ɗan'azumi direba, mai zuwa Anka. Shi kuma ya ajiye wurin wani mai tireda a tasha, Malam Bawa, wanda yake ba duk direban da zai wuce Gummi. Maganata kullum ɗaya ce: "A ce saƙon jikar Inna Yalwa ne, daga babanta." Yo da me zan ce? Daga uwarta? Ai da ƙasa ta tsage na shige. Maigidan kuwa abin ya yi masa daɗi. In ya dawo daga Gummi sai ya kishingiɗa ya ce, "Binta, an gode mini fa ƙwarai. An ce na iya zaɓen littafi." In harare shi, ya yi ta dariya.

Bara da damina Allah ya karɓi abinsa, kun zo mini gaisuwa, Allah ya saka. Labari bai isa Gummi ba sai bayan an rufe shi, ruwa kuma ya ɓata hanya, ƙanensa kaɗai ya samu zuwa. Da na fita takaba, abu na farko da na yi shi ne haɗa ƙunshi. Har da babban littafi na sa, na wata budurwa da ta zama ungozoma, tunda yarinyar ta girmi labarin jaki. Na miƙa wa Ɗan'azumi na ce, "Na kullum ne." Ba a jima ba sai ga shi a ƙofar gida da ƙunshin, ko igiyar ba a kwance ba. Ya ce, "Malama, an ce in gaya miki, Inna ta ce a daina aikowa." Na ce me ya faru? Ya ce wallahi haka aka ba shi, haka ya kawo.

Daga ranar ban ƙara cin abinci na ji ɗanɗanonsa ba. An cire ta daga makaranta ne? Inna ce ke fushi da ni? Ko kuwa wani abu ya sami yarinyar ake ɓoye mini? Waya ba ta kai can ba, kuma ko ta kai, da wane baki zan tambaya? Littattafan nan su kaɗai ne tsakanina da ita. In aka rufe wannan ƙofar, ba ni da wata. Ana ba da hutu na ce zan je gaida surukata, na ɗauki ƙunshin, na ɗauki Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda bakinta ba ya hutawa, in ba goro ba to magana.

Da sassafe muka bar Kano a motar Ɗan'azumi. Har muka wuce Funtuwa kowa yana zaune inda ya ga dama. Gab da shiga ƙasar Zamfara sai ya gangara gefen titi ya kashe mota ya ce, "To jama'a, a gyara zama. Mata baya, maza gaba." Wani ɗan kasuwa da ya kama bakin taga tun Kano ya yi ta ƙunƙuni. Goggo ta ce masa, "Gara haka, na gaji da warin tabar da kake sha." Ta koma baya tana taƙama, sai ta tarar a ƙarƙashin sabuwar kujerarta aka ɗaure wani rago. Har Anka ragon nan yana tauna mata gefen zane tana yi masa Allah ya isa.

Can gaba kaɗan muka tarar da shinge, ana duba kaya ko akwai kayan maye. Wani dogo mai ɗan gemu ya nuna cinyata ya ce, "Hajiya, mi ke cikin wanga ƙunshi?"

Na ce, "Littattafai ne."

Fuskarsa ta canza. "Daga Kano? Irin waɗanda ka ɓata muna ɗiya?"

Na san ana ta surutu a kan littattafan soyayya, na kuma ji an ce wani wurin ƙwacewa ake yi. Na ce na yara ne, ni malamar firamare ce. Ya ce in kwance. Na kwance igiyar da ko a Gummi ba a kwance ba. Ya zaro ɗaya, ya buɗe tsakiya, ya fara karantawa da ƙarfi don kowa ya ji abin kunyar da na ɗauko. Ashe labarin wani zakara ne da ya makara, gari ya waye bai yi cara ba, kaji suka kai ƙararsa. Mota ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba, amma na ga ya juya shafi, ya sake juya wani, har abokin aikinsa ya ce masa motoci fa sun taru. Ya miƙo mini yana shafa zaren da yatsa, ya ce, "Wanda yay yi ɗinkin ga ya iya." Goggo ta ce, "To ka ji ƙarshen zakaran, ko mu jira ka?" Na tsunkule ta.

A Gusau aka tsaya salla da cin abinci. A nan na fara jin ana kiran acaɓa kabu-kabu, gyaɗa kuma gujjiya. Goggo ta nemi fura aka ce hura, ta ce ita dai a ba ta ko me sunanta. Na saya don in taya ta sha, amma ludayi biyu na yi na ajiye.

La'asar ta yi sanyi muka shiga Anka, motocin Gummi duk sun tashi. Ɗan'azumi ya kai mu tiredar Malam Bawa, wani gajere mai fara'a, zaune tsakanin sabulai da batura. Yana ganin ƙunshin ya gane shi. Ya ce, "Ashe ke ta matar mai littattahai! Sannu da hanya. Ina maigidan? Shina lahiya? Kai, wanga mutum na son ɗiyarshi."

Na ce, "Ai Allah ya yi masa rasuwa tun bara."

Ya cire hula ya mayar, ya yi salati, ya yi mini gaisuwa mai tsawo. Ya ce bai taɓa ganinsa ba, amma ji yake kamar ya san shi. Na tambaye shi ko an faɗi dalilin dawo da saƙon. Ya ce direban da ya kai baƙo ne, ya dawo yana cewa shi kada a ƙara ba shi saƙon gidan nan, amma ya ƙi faɗin abin da ya gani. Me direba zai gani a gidan mutane har ya ƙi faɗa?

Malam Bawa ya hana mu neman masauki, ya tura mu gidansa. Matarsa ta kawo mana tuwon dawa da miyar yakuwa, wadda su sure suke ce mata, mai tsami har kunne. Ta ƙara da hoce, wata irin waina ce ta dawa, mai kauri da tauri, da ake gasawa a yi guzuri da ita. Goggo ta gatsa, ta dafe haƙori ta ce, "Wannan ai da shi za a iya jifan kare." Matar ta yi dariya ta ce a jiƙa shi a miya. Goggo ta jiƙa, kafin in ankara ta cinye uku ta ce a ƙulle mata na hanya. Gaisuwarsu ma daban take. Mu a Kano a tsaye muke yi, ina kwana, lafiya, mu wuce. Can kuwa duk maƙwabciyar da ta ji an yi baƙi sai ta shigo ta durƙusa, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta yi shiru, ta sake ɗaukowa daga farko. Kowace kuma sai ta ce, "Ina yara?" In ce suna lafiya, alhali akwai wadda ban san ko tana lafiyar ba.

Da safe Malam Bawa ya ce mu jira motar Gummi ta cika. Ni kuwa zama ya gagare ni. Wani mai bas ya ce Bukkuyum za shi, ranar kasuwarsu ce, ai duk hanya ɗaya ce, daga can motar Gummi kamar ƙasa. Malam Bawa ya girgiza kai, ni na riga na sa ƙafa. Kada ku yarda in direba ya ce muku duk hanya ɗaya ce. Mun yi tafiya a kan kwalta, sai ya saki titin ya ratse, muka yi ta tsalle tsakanin buhunan wake da gero har muka iso tsakiyar kasuwa. Ya sauke mu, ya ce motar Gummi sai 'yan kasuwa sun tashi da yamma. Goggo ta yi mini wani kallo wanda ya fi zagi ciwo.

Muka raɓe a rumfar wata mai sayar da busasshen kifi, doguwar mace baƙa mai tsage a kumatu. Kasuwa ta cika, ga Fulani da ƙoren nono, ga wasu samari da jikinsu ya yi fari fat da ƙasa, aka ce masu haƙar zinariya ne, daga nesa suke zuwa. Goggo ta buɗe hira, kamar yadda ta saba, sai ga shi matar 'yar Gummi ce, kasuwa kawai take ci a nan. Goggo ta ce gidan Inna Yalwa za mu.

Ta ce, "Inna Yalwa ta bakin gulbi? Mai jika Bakanuwa?"

Goggo ta ce, "Bakanuwa kuma?"

"Haka ɗiyan unguwa ka kiranta. Hausarta irin ta littahi ta, ba irin tamu ba. Da, in tana karatu ƙofar gida, duk yara sai su taru." Ta ci gaba da jera kifi. "Allah sarki. Ta dai sha ciwo."

Tambayoyi suka cika mini baki, wane ciwo, yaushe, ta tashi ko ba ta tashi ba, amma harshena ya ƙi motsi. Ku duba fa, a kasuwar da ba wanda ya san ni, gaban matar da ba ta san ko ni wace ce ba, kunyar nan ta hana ni tambaya. Na taka ƙafar Goggo da ƙarfi. Allah ya saka wa Goggo, ta gane. Ta ce, "Wane irin ciwo? Ta warke?"

Matar ta ce, "Wasu sun ce zazzaɓi, wasu sun ce tsorata ta yi. Ta miƙe dai, amma ba ta kamar da. Ba a ƙara jin karatunta ba."

Na juya baya kamar ina kallon masu awon wake. Matar ta dube ni, ta dubi ƙunshin da na rungume. Sai ta zaɓi kifi manya biyu ta tura wa Goggo ta ce a yi wa yarinyar miya. Da yamma ita ta nema mana wuri a a-kori-kurar da ke mayar da su gida, ta sa aka ba ni gefen da babu rana.

Hanyar Gummi ban ga komai nata ba, kada ku tambaye ni. Na dai san da muka kusa iska ta yi sanyi, fadamun shinkafa suka bayyana, aka fara jin ƙarnin kifi. Rabona da garin tun yarinyar tana tatata, amma ƙafata ba ta manta lungun ba. Inna Yalwa tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta tsufa, ta ƙanƙance. Tana ganina ta ce, "Amarya!" Shekara goma sha huɗu da aurena, har gobe Amarya take ce mini. Na durƙusa, muka yi kukan da ba mu samu yi tare ba.

Ina cikin share hawaye sai ga ƙafafu a gabana, an ajiye kwanon ruwa. Murya ta ce, "Sannu da zuwa, Adda." Ban ɗaga kai ba, amma ta gefen ido na ga komai. Ta yi tsawo, ta rame, goshin ubanta sak. Na ce, "Yawwa." Abin da na iya cewa ke nan bayan duk wannan tafiyar. Idonta ya sauka a kan ƙunshin da ke gefena, ta ja da baya kamar ta ga maciji, ta shige ɗaki.

Inna ta bari sai washegari da hantsi, bayan ta aiki yarinyar kai niƙa, sannan ta zaunar da ni. Ta ce, "Amarya, ba don ƙi nac ce a daina ba. Kin san ba ta ga gawar ubanta ba. Anka hwaɗa mata, ta yi kuka, amma kullum sai ta ce ita ba ta yarda ba. Munka yi ta lallashi har ta haƙura. Rannan sai ga wani direba, baƙo, bai san gidan ga ba. Yat tsaya ga zaure yac ce, ga saƙo daga baban yarinya na Kano."

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ta hita da gudu, ba ɗankwali ba takalmi, tana cewa, ai na gaya muku bai mutu ba, ai na gaya muku! Ta kama rigar mutumen tana tambaya yaushe Baba za shi zo. Ni na hita na sake hwaɗa mata. Mutuwa guda, sau biyu ta yi kukanta. Daga nan zazzaɓi ya kada ta." Inna ta goge ido da bakin zane. "Tun sannan ba ta taɓa littahi ba. Tac ce mai aiko mata ya mutu, ba ta son na wani."

Na kullum ne, haka na ce wa Ɗan'azumi. Shi ya faɗa wa Malam Bawa na kullum, Malam Bawa ya faɗa wa baƙon direba abin da aka saba faɗa shekara da shekaru. Ba wanda ya yi ƙarya sai ni, kuma ƙaryar da ake yabon mace a kanta ce. Na ce, "Inna, ni ce fa. Tun farko ni ce." Ta ce, "Na sani. Ɗana ko maɓalli bai iya ɗinkewa ba. Amma in ke ba ki hwaɗa ba, ni zan tona miki?"

Ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe ta buɗe. Duk suna ciki, a jere, tun daga na farko. Sun sha hannu, rigunan siminti sun yi baƙi, kusurwoyi sun lanƙwashe. Na jakin makaranta, wanda na fara aikawa, zarensa ya tsinke, shafukan tsakiya sun fito suna reto. Kun san hannuna ba ya ganin irin wannan ya haƙura. Ban yi shawara da kowa ba, na zaro allura daga jakata, na zare ragowar jan zaren da kullum ke ciki, na daidaita shafukan a cinya. Na shiga hudar farko, na fita ta biyu, na koma ta uku. Ina ƙullewa a tsakiya ne na ga inuwa ta rufe mini haske.

Ta dawo da ƙwaryar gari a kai, ta tsaya a kaina. Ban san tun yaushe take kallo ba. Na ciji zaren na bar ɗan jela, kamar kullum. Ta sauke ƙwaryar a hankali. Ta ɗauki wani littafin daga akwatin, ta buɗe tsakiya, ta dubi ƙullinsa, ta dubi wanda ke cinyata.

Ta ce, da Hausar nan tata ta littafi, "Baba ya ce telansa ne yake ɗinkawa. Ya ce telan ba ya son a faɗi sunansa."

Allah ya jiƙanka, mutumin nan. Har a nan sai da ka tsokane ni.

Ta ce, "Ke ce?"

Na gyaɗa kai, idona a ƙasa.

"Duka? Tun na jaki?"

Na sake gyaɗawa. Na zaci za ta yi murna. Sai na ji muryarta ta karye. Ta ce, "Na zo Kano, ko kallona ba ki yi ba. Jiya ma yawwa kawai kika ce. Ni na ɗauka ba kya so na. Na ɗauka da Baba ya rasu ba ni da kowa a can." Ta saki littafin a kan tabarma, ta juya ta nufi zaure da sauri.

Na ga bayanta yana nisa, na san in ta fita ƙofar nan da wannan maganar a ranta, ko buhu na aiko ba za ta buɗe ba. Ina so in tsayar da ita, ba ni da abin kiranta. In ce ke? Kowa ke ce. In ce 'yar Inna? Ai shi ne ciwon. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a shingen hanya, ga surukata a zaune, ga Goggo da goro a baki. Na buɗe baki, abin ya fito da ƙarfin da ban yi niyya ba.

"Saratu!"

Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "Ke Binta! A gaban surukarki?" Inna ta ce, "Ƙyale ta, Hajiya. Wanda za ta ji kunya dominshi ya tahi. Bari ta kira abinta."

Ta tsaya cak a bakin zaure. Ba ta juyo nan da nan ba. Na sake kira, wannan karon a hankali, na ce ta zo ta riƙe mini littafin in ƙarasa rigarsa. Ta dawo tana jan ƙafa, ta zauna, ba kusa sosai ba, ta riƙe gefe ɗaya na riƙe ɗaya, hawayenmu na ɗiga a kan takardar siminti. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kina karantawa kafin ki aiko?" Na ce duka. Ta ce, "To akuyar yarinyar nan, a ganinki ta mutu ne a kogin?" Na ce ni dai ban yarda ta mutu ba. Ta ce ita ma. Kafin azahar ta kwance ƙunshin da kanta. Da la'asar na jiyo muryarta daga ƙofar gida tana karanta labarin zakaran da ya makara, yaran unguwa suna ta ƙyalƙyala dariya.

Sauran ba labari ba ne. Mun ci tuwon shinkafa da miyar kifin matar nan ta Bukkuyum, Goggo ta ce Kano ba su iya kifi ba, wanda in kuka faɗa mata na faɗa za ta ƙaryata. Ban ce a ba ni yarinyar ba, Inna ba ta da kowa a gidan sai ita. Ta dai ce in an yi dogon hutu za su zo tare.

A dawowa muka bi ta Anka, wannan karon a motar da ta dace. Na sauka na je tiredar Malam Bawa, na gaya masa saƙo zai ci gaba da zuwa, amma maganar ta canza. Ya ce, "To, mi za a ce?" Na ce a ce saƙon Saratu ne, daga uwarta. Daidai lokacin wata babbar mota ta tayar da inji a bayanmu. Ya kama kunne ya ce, "Na wa?" Tasha cike da mutane, direbobi, masu talla, ga Goggo tana leƙowa ta taga. Na ɗaga murya na sake faɗa masa.